Mai Yawu A Falon Baba

Ku gyara zama, masu karatu, don abin da idona ya gani a satin nan ya fi ƙarfin bakina, amma zan kwatanta. Wanda yau ya fara shigowa kuma, bari in ɗora shi a hanya. Ni likita ce mai neman ƙwarewa a sashen ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, auta a gidanmu, wadda Goggo ta zuba wa ido kamar madara a kan wuta. Ina da mai sona, ni ma ina son sa, ba wani ɓoye-ɓoye. Inda gizo ke saƙar shi ne, Babana ya daina fitowa falo.

Baba tela ne. Ba telan faci ba, telan da in ya ɗinka maka riga sai ka ji har tafiyarka ta canza. Yana da wata ɗabi'a da kowa ya san shi da ita: bai taɓa ce wa mutum "na karɓi aikinka" da baki ba. Za ka zo da yadinka ka yi ta zuba bayani, shi kuwa yana kallon ka ta saman tabarau. In bai yi da kai ba, sai ya ninke yadin ya miƙa maka da hannu biyu, ya bi ka da addu'a. In kuwa ka kwanta masa, sai kawai ya zaro tef ɗin awo daga wuyansa. Haka ya yi wa mazan yayyena duka. Kowannensu da ya zo gaishe shi, sai da ya tsayar da shi ya auna kafaɗarsa, kuma shi ya ɗinka masa rigar da ya sa ranar aurensa. Shi ya sa a gidanmu ba a cewa Baba ya amince, sai dai a ce Baba ya gwada shi.

Sai ciwon karkarwa ya shigo mana. Hannunsa na dama ya fara rawa, fuskarsa ta daskare, muryarsa ta koma can ƙasa, kalma ɗaya sai ta yi ta kai-kawo kafin ta fito. Abin da ya fi ci mana rai kuma shi ne yawu. Yana zaune sai ya silalo ta gefen bakinsa, ya sauka a ƙirjin rigarsa. Mutumin da ko zare bai yarda ya kwana a jikin tufarsa ba! Aka lulluɓe keken ɗinkinsa da tsohon labule, Mama ta ɗora masa tukunyar fure, tef ɗin kuma ya shige durowa.

Shi kuwa mutumin nawa, a bakin aiki muka haɗu. Mai bincike ne a ɗakin gwaje-gwaje na ƙasan benenmu. Ran nan sai ga shi a sashenmu da 'yar kula mai ƙanƙara, cike da ƙananan kwalabe, yana bin gadaje yana roƙon marasa lafiya da ladabi su tofa masa yawu. Na yi dariya har da riƙe ciki. Ya juyo ya ce, "Likita, ke ma in za ki taimaka, akwai kwalba." Daga nan fa aka fara.

Ranar da Goggo, yayar Baba, ta tsare ni da tambayar sana'arsa, na yi iya ƙoƙarina in yi mata bayani da manyan kalmomi. Ta saurare ni tsaf, sannan ta tafa hannu.

"Wato yawun mutane yake tarawa?"

"Bincike yake yi a kai, Goggo."

"Oh ni 'yasu! Duk likitocin da ke asibitin nan, ga na zuciya, ga na ido, ki rasa wanda za ki kwaso mana sai mai yawu?"

Sunan ya bi shi. Ni kaina, Allah Ya yafe min, haka na ajiye shi a wayata.

To ranar Talata ina tsaka da duba hoton kan wata mata, sai wayata ta yi ƙara. Saƙon Goggo ne, kuma ita ba ta san gajeren saƙo ba:

"Auta, na gaji da wannan jan ƙafa. Ranar Asabar yaron nan ya zo. Tunda Babanki ba ya iya ganin mutane, na yi magana da Baffanki, shi zai zauna a madadinsa. Kada ki ce min komai. Ki sa doguwar rigar nan mai ruwan zuma, ba wannan farar ta asibiti mai warin magani ba."

Na karanta, na sake karantawa. Ba wai ina ƙin Baffa ba ne, mutumin kirki ne. Amma a ce Babana yana da rai, yana ɗakin da ke bayan bangon falo, wani ya karɓi mai neman aurena a kujerarsa? Kowacce a cikin yayyena Baba ya gwada mijinta. Ni kaɗai ce za a ce ba a gwada nawa ba? Wallahi na ji gara a fasa.

Sai dabarar likitoci ta zo min. Akwai wani magani da ake ɗigawa a ƙarƙashin harshe, yana busar da baki. Na ce a raina, in na samu Baba ya yi yini ɗaya bakinsa a bushe, zai fito ya zauna da mutuncinsa. Na tura wa mutumina saƙo ina jin kaina wata mai hikima. Amsarsa ta zo nan take:

"Haba Likita. In zo gidanku karon farko, ki busar min da abin bincikena?"

Na tura masa fuskar harara. Ya ƙara da cewa, "Da gaske nake. Ki tambayi Farfesa tukuna."

Yanzu dole in gabatar muku da Farfesa, shugabar sashenmu, don in ba ku san ta ba, ba za ku gane sauran labarin ba. 'Yar gajeriyar mata ce, furfura na leƙowa ta gefen ɗankwalinta, takalminta kullum mara tsini, muryarta ba ta wuce gado ɗaya. Amma in ta shigo, har masu shara sai sun gyara tsayuwa. Abin da ba ta rabuwa da shi shi ne wata 'yar kujera mai naɗewa, tana saƙale da ita a hammata kamar jaka. A bayan idonta ma'aikatan jinya Mai Kujera suke ce mata. Duk gadon da ta je sai ta buɗe ta ta zauna, yadda kanta zai zama ƙasa da na mara lafiya. Kuma a zagayenta, ƙaramin cikinmu shi ke fara faɗin ra'ayinsa, ita ce ta ƙarshe. Ta kan ce, "In na fara magana duk za ku ce haka ne, sai mu tashi da kai ɗaya alhali mun zo da kawuna da yawa." Babbar dokarta kuwa, ba a ƙarasa wa mara lafiya magana.

Washegari Laraba muka zo gadon wani dattijo, tsohon direba, da ɓarin jikinsa ya shanye. Ya daina cin abinci, mun yi gwajin haɗiya, mun canza magani, har an fara maganar sa masa robar abinci ta hanci. Farfesa ta buɗe kujerarta ta zauna.

"Baba, me kake so mu yi maka?"

Ya buɗe baki. "Ina... so... in..."

Shiru. Leɓensa na rawa. Wani babban likita a bayana, da kyakkyawar niyya, ya ce, "Ruwa yake so."

Farfesa ba ta ko juyo ba. Yatsa ɗaya ta ɗaga, likitan ya haɗiye sauran maganarsa. Muka tsaya. Jama'a, mun tsaya har ƙafata ta fara sanyi, har na fara jin ƙarar fankar sama. Ita kuwa tana kallon dattijon nan kamar duk duniya ba ta da wani aiki sai shi.

"...in... ga... taga."

Sai a lokacin muka lura. Gadonsa bango yake fuskanta. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana kallon hanya, mun ajiye shi yana kallon fenti. Farfesa ta miƙe, ba ta kira kowa ba, ta cire birkin gadon da ƙafarta ta fara turawa da kanta. Kunya ta sa muka rufa mata baya, manya da ƙanana. Da aka juya shi ya hango titi da motoci na wucewa, sai hawaye ya zubo masa ta ido ɗaya. Da rana na wuce na gan shi yana karɓar cokali daga hannun 'yarsa. Duk karatunmu da na'urorinmu, ashe maganin yana cikin kalmar da muke ta tare masa.

Amma gwano ba ya jin warin jikinsa. Da yamma na shiga ofishinta da maganar ɗigon nan tawa, ko a jikina.

"Farfesa, akwai wani majiyyaci, dattijo mai ciwon karkarwa, yawu na damun sa. Ina tunanin ɗigon nan na ƙarƙashin harshe."

Ta cire tabarau. "Kin san abin da yake iya yi wa tsofaffi. Rikicewa, jiri, wani har ya kasa gane inda yake."

"Na sani. Na yini ɗaya ne kawai."

"Kin kuma san ba yawun ne ya yi yawa ba. Haɗiyar ce ta ragu."

"Na sani, Farfesa."

"Shi ya nema?"

Na ce a hankali, "Mahaifina ne."

"Na sani tun shigowarki. Likita ba ta murza zobe in tana maganar baƙo." Ta nuna min kujera na zauna, na kwashe komai na gaya mata, har da Goggo da Baffa da tef. Ta ji ni har ƙarshe, ba ta katse ni ba.

"Wa ya ce miki ba ya son fitowa falo?"

"Mama."

"Ita wa ya gaya mata?"

Wallahi ban sani ba. Na laluba ƙwaƙwalwata kaf, ban tuna ranar da na ji Baba ya faɗa da bakinsa ba.

Farfesa ta sunkuya ta ɗauko 'yar kujerar nan daga gefen teburinta, ta miƙo min. Kujerar da ko babban mataimakinta bai taɓa riƙe mata ba!

"Aro ne, ranar Litinin ki dawo min da abata. Ki saurara, 'yata. Duk wanda ke jan mutane, aikinsa na farko shi ne ya hana masu sauri su tafi su bar mai tafiya a hankali. A gidanku ke ce kika san ciwon nan, don haka ke ce shugaba ko kin so ko ba ki so ba. Je ki zauna."

Na fito rungume da kujera, ma'aikatan jinya suna bi na da ido kamar na sato ta.

Ranar Alhamis da la'asar na shiga ɗakin Baba. Yana zaune a bakin gado, Mama ta ɗaura masa tawul a wuya kamar yadda ta saba, rediyo na ta surutu shi kaɗai. Na kashe rediyon, na buɗe kujerar a gabansa, na zauna. Masu karatu, rabon da in ga fuskar Babana daga ƙasa tun ina 'yar ƙarama ina tsince masa allura. Kullum a tsaye nake a kansa, ina miƙa magani, ina goge baki, ina sauri. Daga ƙasa kuwa sai na ga idanunsa suna nan yadda na san su, masu kaifi, suna kallo na ta saman tabarau.

"Baba, ranar Asabar wanda nake so zai zo. Goggo ta ce Baffa ya zauna a madadinka. Ni kuma kai nake so. Amma ban taɓa tambayar ka ba. Kana son fitowa?"

Leɓensa ya motsa. Mama, da ke tsaye a bakin ƙofa da kofin shayi, ta yi caraf: "Ai kin san ba zai..."

"Mama, don Allah." Ban san lokacin da yatsana ya ɗagu ba.

Muka jira. Yawu ya taru a gefen bakinsa, hannuna ya yi ta ƙaiƙayin ya kai tawul, na danne shi a cinyata.

"Ba... wanda... ya... kira ni."

A hankali, kalma bayan kalma, maganar ta fito. Tun farkon ciwon, wata rana baƙi sun yi sallama yana falo rigarsa a jiƙe, Mama ta yi maza ta kama shi ta kai shi ɗaki don ta rufa masa asiri. Daga ranar, duk aka ƙwanƙwasa ƙofa sai wani ya ɗaga shi a shigar da shi. Mu muna cewa kunya yake ji. Shi kuma yana ganin mu ne muke jin kunyarsa, sai ya yi shiru don kada ya tozarta mu.

Mama ta durƙushe a wurin tana kuka, tana cewa, "Wallahi don kai na yi, wallahi don kai." Ni ma hawaye ya wanke min fuska. Baba ya ɗora hannunsa mai rawa a kan Mama, ya daɗe, sannan ya ce a goge masa farar rigarsa mai aljihu. Ya kama tawul ɗin wuyansa ya ja shi ƙasa.

"Hankici," ya ce. "Ni... zan... riƙe."

Asabar ta zo. Na sa doguwar rigar mai ruwan zuma, na yafa mayafi mai duhu, na fesa turare har sai da Mama ta yi atishawa. An share falo, an canza rigunan kujeru, an jera lemo da biskit a kan tire. Goggo ta iso da wuri cikin leshi mai ƙyalli, da zobba a yatsu, tana shigowa tana cewa Baffa na hanya. Mama ta ce mata an kira shi an ba shi haƙuri, mai gida zai fito da kansa. Goggo ta dube ni, ta dubi Mama.

"Ku dai kuna son ku kunyata ƙanena a gaban baƙo."

Kafin in amsa wayata ta yi haske, saƙon mutumina ne. "Ina ƙofar gida. Bakina ya bushe ƙamas. A kimiyyance wannan tsoro ne."

Ya shigo da sallama, cikin riga mai ruwan sararin sama, an goge ta har tana ɗaukar ido. Sai dai ina kallon sa na hango maɓallin ƙirjinsa na biyu yana lilo a zare ɗaya. Na ce a raina, shi ke nan, ka zo gidan tela da maɓalli a rataye! Aka nuna masa kujera, ya ƙi, ya zauna a kan kafet.

Sai muka ji jan ƙafa. Baba ne, cikin farar rigarsa, yana tafe da 'yan gajerun takunsa, ba wanda ya riƙe shi. Ya daɗe kafin ya iso kujerarsa, ya daɗe kafin ya zauna. Mutumina ya gaishe shi, kansa a ƙasa. Baba ya buɗe baki zai amsa, sai yawun ya silalo, a gaban kowa.

Goggo ta zabura da takardar goge baki. Ni kuma, ni Auta, da ko ido ba na iya haɗawa da Goggo, sai ga hannuna a wuyan hannunta.

"Goggo, zauna."

Ta zaro ido. Ban sake ta ba. Ta koma ta zauna, don mamaki ya hana ta faɗa.

Baba ya sa hannu a aljihu, ya zaro hankicinsa, ya kai bakinsa, ya goge, ya ninke shi gida huɗu kamar yadda yake ninke yadi. Sannan ya dubi baƙon.

"An ce... kai... ne... mai..."

"Ƙaryar mutane ce, likita ne!" in ji Goggo.

"Goggo," na ce.

"...yawu."

"Ni ne, Baba." Wallahi har da murmushinsa.

Baba ya ɗaga hankicin kaɗan. "Me... ke... cikinsa?"

Sai mutumina ya gyara zama, na ga tsoron ya bar fuskarsa. Ya taɓa ƙarƙashin muƙamuƙinsa da gaban kunnensa, ya ce a nan Allah Ya ajiye wasu 'yan ƙullutai da ke kawo yawu, kuma an daɗe ana zaton aikinsu kawai jiƙa loma ne. Ya ce ashe suna haɗa wasu sinadarai masu ɗaukar saƙo zuwa ga sassan jiki.

"Baba, akwai wani sinadari da ke raya jijiya, ya sa ta tsiro. Da masana suka tashi neman inda ya fi yawa, ba a ƙwaƙwalwa suka same shi jibge ba. A ƙullutun yawun ɓera suka same shi. A nan kuma aka gano wani da ke sa fata ta haɗe in an ji ciwo. Ka ga dabba in ta ji rauni tana lasa? Ba banza take yi ba. A jikin ɗan Adam har yanzu muna kan koyo, ban zo in yi maka alkawarin magani ba. Amma daga ɗigo kaɗan ina iya auna sinadarin da ke tashi in mutum na cikin damuwa, ba tare da na soka masa allura ba. Ni dai tunda na fara aikin nan ban ƙara ganin yawu a matsayin ƙazanta ba. Kullum na leƙa shi sai na ce tsarki ya tabbata ga wanda Ya yi shi."

Ni da nake likitar jijiya, na karanta wannan a littafi na wuce, amma ban taɓa jin sa ya ratsa ni haka ba. Na dubi hankicin da ke hannun Baba, abin da muka yi ta ɓoyewa kamar abin kunya. Goggo ma sai da ta ce, "Ikon Allah," a hankali, kafin ta tuna tana fushi.

Baba ya daɗe yana kallon sa ta saman tabarau. Sannan ya nuna ƙirjin baƙon da yatsa.

"Ma... ma..."

Na ga bakin Goggo ya buɗe, na ga na Mama ya buɗe. Ba wadda ta yi magana. Su da kansu suka rufe.

"...ɓallinka. Auta... allura."

Na ruga na ɗauko gwangwanin allurarsa da zare mai ruwan sama. Hannun nan nasa a kan cinyarsa rawa yake yi kamar ganye. Ya karɓi zaren. Ya kai bakinsa ya lasa bakin zaren, ya murza shi da yatsu biyu, kamar yadda ya yi duk tsawon rayuwarsa. Ya ɗaga allurar wajen hasken taga.

Na sha gaya wa ɗalibai cewa irin wannan karkarwar ta fi tsanani in hannu na hutawa, tana lafawa in ya nufi aiki. Faɗa kawai nake yi. Ranar na gani. Hannun ya nufi kafar allura, rawar ta yi ƙasa, ta yi ƙasa. Ya kuskure. Ya sake lasar zaren. Ya kuskure. Ba wanda ya ce kawo in taya ka. A karo na gaba zaren ya shige.

Mama ta toshe bakinta da mayafi.

Mutumina ya matso da gwiwoyinsa har gaban kujerar, ya miƙa ƙirjinsa. Baba ya kama maɓallin ya fara ɗinki, rigar tana jikin mai ita. Sannu ba ta hana zuwa. Sanyin lemo ya gushe, ƙanƙarar cikinsa ta narke, yawu ya sauko Baba ya tsaya ya goge abinsa ya ci gaba. Mutumin nan ko motsi bai yi ba, sai ka ce an dasa shi. Da Baba ya gama ya naɗe zaren a gindin maɓallin, ya ƙulla, ya ja shi ya ji ya zauna daram.

Sannan ya juyo gare ni.

"Durowa... ta... sama."

Na san abin da ke durowar sama. Ƙafafuna suka ɗauke ni ban san ta yaya ba. Na dawo da tef ɗin, ya ɗan yi ƙura, na sa masa a hannu. Ya rataya shi a wuyansa, sai ga Babana na da ya dawo. Ya kama bakin tef ɗin, amma bai zaro ba. Ni yake kallo.

"Ke... an... tambaye ki?"

Kunya ta rufe ni. Ni da na so in busar da bakin Baba, sai ga nawa ya bushe, harshena ya manne. Goggo ta motsa za ta amsa min, Baba ya ɗaga mata yatsa ɗaya. Yayarsa guda! Suka jira ni, dukansu, yadda muka jira shi.

"Gwada shi, Baba."

Ya zaro tef ɗin. "Miƙe... tsaye," ya ce wa mutumina, shi ma ya dafa hannun kujera ya miƙe. Ya ɗora tef daga kafaɗa zuwa kafaɗa, ya duba, ya gyaɗa kai. Goggo tana sharar hawaye tana cewa, "To ai shi ke nan, Mai Yawu ya shigo dangi, Allah Ya sa alheri."

Ina cewa an gama. Sai Baba ya juya ya nuna lungun falo, inda tukunyar fure ke zaune a kan tsohon labulen da ya lulluɓe keken ɗinkinsa.

"A... sauke... furen nan. Ni... zan... ɗinka."

Rigar ango guda, da wannan hannun. Na ga Mama ta ja numfashi, na ga maganar ta taho har bakin leɓenta, ni ma irinta ce a nawa bakin. Muka dubi juna. Mama ta haɗiye tata, ta tashi, ta je ta ɗauke tukunyar da hannunta.